Dutse da Hanyar Zuwa Gare Shi: Lugu, Dala da Tsaunukan Ziyara na Indiya

A birnin Yamai sunan Sarauniya ba baƙo ba ne a kunnen kowa. Akwai gidan rediyo da talabijin mai ɗauke da wannan suna, ɗalibai suna karanta littafin da marigayi Abdoulaye Mamani ya wallafa a kanta a shekarar 1980, kuma bayan sauyin mulki na 2023 hukuma ta ƙirƙiro lambar girmamawa da sunan Sarauniya Mangu. To amma da za a tara malaman makaranta na birnin a tambaye su inda Lugu take, da hanyar da ake bi a isa can, da abin da baƙo zai tarar idan ya isa, kaɗan ne za su amsa ba tare da inda-inda ba. Hatta fim ɗin da Med Hondo ya shirya a 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987, a ƙasar Burkina Faso aka ɗauke shi, ba a ƙasar Arewa ba. Suna ya yi nisa a duniya, wurin da ya haifi sunan kuwa yana nan inda aka bar shi.

Wannan giɓi yana da muhimmanci ga mai nazarin tarihi, domin wurin ziyara ba dutse ba ne kawai, ba kuma gini ba ne kawai. Hanyar da ake bi a kai gare shi, da lokacin da aka yarda a je, da wanda ke yi wa baƙo iso, da abin da aka hana shi yi idan ya isa, su ne ke raba dutsen ziyara da sauran duwatsun daji. Idan waɗannan suka ɓace, dutsen yana nan tsaye, amma ya zama dutse kurum.

Daga Yamai zuwa Lugu

Mai niyyar zuwa Lugu zai kama babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta nufi gabas. Zai ratsa Doso, ya ci gaba har Dogon Dutsi, tafiyar kimanin kilomita 275 daga babban birnin. Tun kafin ya shiga garin zai hango dutsen da aka raɗa wa garin sunansa, tsaye a kan kwarin Dallol Mawri, wato tsohon gadon kogi da ya ƙafe tun zamanin da, wanda tuddai masu jan dutse suka yi wa katanga. Daga nan sai a bar kwalta a shiga rairayi, a nufi ƙasar Ɗan Kasari, inda Lugu ke maƙale a tsakanin tuddai. Wanda ya je da tsammanin ganin ganuwa da fada irin ta cikin fim zai sha mamaki: ƙaramin ƙauye ne na bukkoki da rumbuna.

Abin da ya ɗaukaka ƙauyen abu biyu ne, mace da dutse. Bisa ga tarihin baka na Gubawa, waɗanda ake ɗauka su ne ƴan ƙasa na asali a wannan yanki, Sarauniya ta farko daga Daura ta taso tare da jama'arta, suna ɗauke da wani dutse mai suna Tunguma wanda ke nuna masu hanya, har suka yada zango a inda Lugu take a yau. Tunguma dutsen shari'a ne. Masu rigima a kan sata, ko gona, ko wani zargi da ya gagari sulhu, sukan yi tattaki daga nesa su gabatar da ƙararsu, masu kula da dutsen kuma su fassara amsarsa. Ita kuwa Sarauniya, sarautarta ba ta doki da algaita ba ce. Daga ranar da aka naɗa ta, takan zauna a keɓe cikin ɗakinta, sanye da fararen tufafi, tana kaɗin auduga. Ba ta zuwa wurin kowa, sai dai a zo wurinta, kuma kamar kowace fada ta ƙasar Hausa, sai da iso. Idan ta rasu ba majalisa ke zaɓen magajiyarta ba. Ana ɗaukar gawarta a kan makara, a al'adar da ake kira tarkama, kuma matar da makarar ta nufa ita ce sabuwar Sarauniya. Haka ake yi wajen naɗin Baura na Bagaji, wanda shi ma babban mai riƙe da al'adar ƙasa ne a yankin.

Marc-Henri Piault, a cikin littafinsa na 1970 kan tarihin Mawri, ya bayyana yadda mulki ya rabu gida biyu a ƙasar Arewa. Ikon ƙasa, wato hulɗa da iskoki da ruwan sama da albarkar gona, yana hannun Gubawa. Sarauta kuwa tana hannun Arawa, waɗanda ke danganta kansu da Ari, ɗan sarkin Barno da ya auri ƴar Baura, aka haifi Akazama. Ma'anar wannan ita ce, mai sarauta da kansa yana da inda yake zuwa a matsayin mai neman albarka. Hanyar Lugu da ta Bagaji suna cikin tsarin mulkin ƙasar, ba a gefensa suke ba.

Abin da ya sa dutse

Lugu ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya duba taswirar tsofaffin biranen Hausa zai ga dutse a gefen kusan kowannensu: Dala da Gwauron Dutse a Kano, Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, Kwatarkwashi a Zamfara inda aka san al'adar Magiro. Farfesa Abdullahi Smith, a wata maƙala da ya buga a 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, ya ja hankali ga wannan. A ganinsa duwatsun sun tara abubuwan da ke jawo mutane: ruwa da ƙasar noma a gindinsu, tama ta ƙira, mafaka a lokacin hari, sannan kuma imanin cewa mazaunin manyan iskoki ne. Masu zuwa neman albarka suka zama masu zama, kasuwa ta biyo baya, daga bisani ganuwa ta kewaye su duka. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya nuna ana narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7.

A kan Dala ne aka fi samun cikakken bayani, albarkacin littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya ba da labarin Barbushe, ɗaya daga zuriyar Dala, mai kula da Tsumburbura. A kan dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai a ranaku biyu cikin shekara. Idan lokacin ya gabato, jama'a maza da mata sukan taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin dutsen da maraice. Sai duhu ya shiga Barbushe ke fitowa da makaɗansa. Wurin tsafin itace ne da aka kewaye da katanga, kuma ba mai shiga ciki sai shi kaɗai. An yi imani duk wanda ya kuskura ya shiga ya mutu. Idan ya fito sai ya faɗa wa jama'a abin da zai auku a shekarar, har da zuwan baƙon da zai mallake su, wanda aka fassara da Bagauda.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, wannan labari gaba ɗayansa ƙa'idojin isa wuri ne: ranar zuwa, abin da ake riƙowa, inda ake tsayawa, da iyakar da ba a ƙetarewa. Na biyu kuma, wanda ya tattara littafin malami ne Musulmi, a ƙarshen ƙarni na 19, a Kano ta bayan jihadi. Ya rubuta yadda Sarki Tsamiya ya rusa wurin tsafin a ƙarni na 14, da yadda Wangarawa suka zo da addini a zamanin Yaji, amma bai ga cewa rubuta al'adar Barbushe dalla-dalla zai taɓa imaninsa ba. Ba don shi ba, da yau ba a san komai game da ziyarar Dala ba. Malamin makaranta na yau da ke jin nauyin ambaton Tunguma a cikin aji, don gudun kada a ce yana tallata shirka, yana da abin koyi a wurin wannan magabaci nasa.

Yau an gina wa Dala matakala ta siminti, gidaje sun kewaye shi ta kowace fuska, yara suna hawa su sauka yadda suka ga dama. Hawan ya yi sauƙi a daidai lokacin da ba sauran abin da ake hawa dominsa sai kallon birni.

Ranar da aka zo ba da iso ba

Lugu ta shiga littattafan Turawa ne ta hanyar yaƙi. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane a kan hanya. Ranar 16 ga Afrilu ta auka wa Lugu. Mutanen Sarauniya Mangu suka tare ta da kibau, da wuta ta yi yawa suka janye cikin kurmin da ke kusa, inda sojojin suka sha wahalar bin su. Rahoton Faransawan da kansa ya nuna an kashe masu mutum 4, an raunata 6, sun kuma harba harsashi wajen 7,000. Rundunar ta wuce ta yi ta'asa mafi muni a Birnin Ƙonni a watan Mayu, kuma a watan Yuli, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a yankin Tasawa. Ga mutanen Arewa wannan ƙarshe bai zo da mamaki ba: wanda ya keta alfarmar Lugu ba ya wanyewa lafiya.

Ƙauyen dai bai koma yadda yake ba. Jama'a da yawa sun watse, mulkin mallaka ya kafa cibiyarsa a wani wuri, Musulunci ya ci gaba da bazuwa a karkara cikin ƙarni na 20, kotun hukuma da ta alƙali suka janye masu ƙara. Sai kuma babbar hanya. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta rubuta a 2002 yadda mutanen yankin ke tuna hanyar ƙasa ta ɗaya da aikin tilas na zamanin Turawa, da kuma yadda suke danganta haɗurran mota da iskokin da aka tasa daga mazauninsu sa'ad da aka fasa hanyar. Ko mai karatu ya yarda da iskoki ko bai yarda ba, maganar tana ɗauke da gaskiyar tarihi: sabuwar hanya ta sake tsara ƙasar, ta ɗaga garuruwan da ta ratsa, ta mayar da waɗanda ta kauce wa saniyar ware.

Yadda wasu suka riƙe tasu hanyar

Don a gane abin da ake nufi da riƙe hanya, yana da amfani a leƙa wata al'umma mai nisa wadda ita ma ta ɗora ibadarta a kan tsaunuka. Mabiya addinin Jain a Indiya ba su da yawa. Ƙidayar 2011 ta nuna ba su wuce miliyan huɗu da rabi ba a cikin mutum fiye da biliyan ɗaya. Addininsu tsoho ne, babban malaminsu na ƙarshe, Mahabira, ya yi zamani da Buddha, kuma ginshiƙin koyarwarsu shi ne kada a cutar da duk wani abu mai rai, komai ƙanƙantarsa. Kalmar da suke kiran wurin ziyara da ita tana nufin mashigin kogi, wato inda ake ƙetarewa.

Mafi shahara a cikin wuraren nan shi ne tsaunin Shatrunjaya, kusa da garin Palitana a jihar Gujarat, wanda ke ɗauke da ɗakunan ibada fiye da 800 na sassaƙaƙƙen dutse. Ana hawansa ta matakala fiye da 3,500. Masu ziyara sukan fara tun da asuba don gudun rana, da yawansu ba takalmi, tsofaffi da marasa lafiya kuwa a ɗauke su a kujerar da ake ratayawa a sanda, mutum biyu ko huɗu su saɓa a kafaɗa. Ba a cin abinci a kan tsaunin. Ba mai kwana a can, hatta masu hidimar ɗakunan sai sun sauko kafin dare. A watanni huɗu na damina kuma masu ibada sukan dakatar da hawa, don kada a tattake ƙwari da tsirrai da ruwa ya fito da su. Idan aka kwatanta da Dala sai a ga abin ya juya: a can mutum ɗaya ne ke kwana a sama jama'a na tsaye a ƙasa, a nan kuwa kowa na hawa amma ba wanda ke kwana. Duk da haka manufar ɗaya ce, a sa iyaka tsakanin wurin da rayuwar yau da kullum.

Shatrunjaya ma ta ga yaƙi. Dakarun sarkin Delhi sun lalata ɗakunanta a farkon ƙarni na 14, attajiran Jain suka sake ginawa, aka kuma yi wani babban gyara a 1531. Wani abin sha'awa shi ne, a kan wannan tsauni akwai hubbaren wani waliyyi Musulmi da ake kira Angar Pir, kuma ba a tashe shi ba. Tun ƙarni na 18 wata hukumar amintattu ta al'ummar, Anandji Kalyanji, ke kula da wurin, tana ajiye takardun gyara da na kuɗi. Da sarkin Palitana ya nemi ƙara harajin da ake biya saboda masu ziyara, sai al'ummar ta ƙaurace wa tsaunin baki ɗaya daga 1926 zuwa 1928, har aka sasanta. Mutanen da suka iya barin wurin da suka fi ƙauna shekara biyu don kare sharuɗɗan zuwa gare shi sun san cewa sharuɗɗan ne wurin.

Ba a ce sun huta ba. A tsaunin Girnar, shi ma a Gujarat, inda matakala ta kusa 10,000, an buɗe keken sama mai tafiya a kan igiyar ƙarfe a 2020, tafiyar sa'o'i ta koma ta mintoci. A Shikharji da ke jihar Jharkhand, inda suka yi imani 20 daga cikin manyan malamansu 24 suka cim ma tsira, shirin mayar da wurin dandalin yawon buɗe ido ya jawo zanga-zanga a ƙarshen 2022, har gwamnatin tarayya ta dakatar da shi a watan Janairun 2023. Nan take kuma ƙabilar Santal, waɗanda ke kiran tsaunin Marang Buru, suka tashi suka ce su ma wurin ibadarsu ne tun kaka da kakanni. Mai karatu na ƙasar Arewa, wanda ya san zancen ƴan ƙasa da masu sarauta, ba zai rasa gane wannan rigima ba.

Abin da ya rage a Lugu

Bambancin da ke tsakani ba na zurfin imani ba ne. Al'ummar Jain ƴan kasuwa ne masu dukiya da rubutu, sun sassaƙa sunayen masu gini da shekarunsu a jikin dutse. Masu riƙe da Lugu manoma ne, ajiyarsu tana cikin kai, ana miƙa ta daga baki zuwa kunne, kuma kowane tsoho da ya kwanta dama yakan tafi da wani yanki nata. Amma Lugu tana da abin da Dala ta rasa tun ƙarni bakwai da suka wuce: sarautar da ke kula da wurin ta ƙetare mulkin mallaka ta shigo ƙarni na 21. Irin wannan ya saura a Masalata kusa da Birnin Ƙonni, inda Azna ke taron arwa na shekara don duba abin da damina za ta zo da shi.

An yi wasu ƙoƙari. Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da abokan aikinsu sun tattara bayanan mutanen ƙauyen a littafin Lougou et Saraouniya, wanda ya ba su damar faɗin tarihinsu da bakinsu, kuma a ciki Sarauniya ta fito a matsayin mai riƙon al'ada, ba jarumar fim mai takobi ba. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa a 1968 domin tattara tarihin baka, akwai cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, akwai gidan tarihi na Boubou Hama. Sai dai mafi yawan abin da aka rubuta da Faransanci yake, alhali da Hausa aka faɗe shi tun farko. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, mayar da waɗannan bayanai cikin harshensu na asali aiki ne da ƙungiyoyin al'adu za su iya ɗauka ba tare da jiran kowa ba, kuma ya fi gina matakala ko rumfar baƙi gaggawa. Wanda zai yi shi kuwa dole ya tambayi masu wurin abin da suka yarda a rubuta da abin da ba su yarda ba, domin katangar da ta kewaye itacen Barbushe tana da irinta a Lugu.

A shekarar 2006 Nijar ta sanya Lugu a jerin share fage na wuraren tarihi na duniya da hukumar UNESCO ke ajiyewa, shekara guda kafin Nijeriya ta sanya ganuwar Kano da dutsen Dala a nata jerin. Wuraren Nijar da suka samu cikakkiyar shiga guda uku ne: Ayar da Tenere a 1991, gandun dajin W a 1996, da tsohon birnin Agadas a 2013. Lugu tana jira. A ƴan shekarun nan kuma rashin tsaro a sassan Dogon Dutsi ya sa tafiyar da a da rairayi da ruwan damina kaɗai ke hanawa ta koma wadda sai an yi shawara da hukuma da mutanen gari kafin a kama hanya.